TAMBAYI LIKITA: An yanke ƙafar, amma zogin bai tafi ba

Assalamu alaikum masu karatu. Satin nan wasiƙu uku na ware gefe ɗaya, masu su basu san juna ba amma kusan abu ɗaya ke damunsu, wato ciwon kan jijiya. Ta farko ce zata ci mana fili sosai, waɗanda basu ga tasu ba suyi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Ni ɗan kabu-kabu ne, shekara biyu da sunka wuce mota ta buge ni hanyar Bodinga ƙahwata ta hagu ta karye, anka kai ni wajen mai ɗori a ƙauye, sai da ƙahwar ta yi baƙi tana wari kana anka tahi da ni asibiti, nan anka yanke ta ƙasa ga guiwa. Ciwon ya warke lahiya lau. To amma wajen wata huɗu bayan nan sai wani wuri guda a gefen dungun ya tashi, in na taɓa shi ko wando ya goge shi sai in ji shokin har cikin yatsun da babu su. Akwai ɗan ƙullutu wurin shigen gyaɗa. 'Yan uwa sun haɗa kuɗi an yi min ƙahwar roba, ga ta nan jingine bayan ƙohwa ban iya sa ta ko minti goma. Wasu na cewa iska ce wasu sammu, wanzami ya yi min tsaga abin ƙaruwa ma ya yi. Yanzu tiramol nika sha kullum kuma wallahi ban son shi. Likita mi ke damuna, shina da magani ko haka zan ƙare?
Daga ɗan kabu-kabu, Mabera

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, sannu, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Kafin komai ka cire ma ranka cewa hankalinka ne ya taɓu ko wani ne ya jefe ka. Abin da ka kwatanta ɗin nan, wuri guda, ɗan ƙullutu, shokin in an taɓa, duk likitan ƙashi da ya karanta wasiƙarka abu ɗaya zai fara zo masa a rai, niyuroma, wato ƙullin kan jijiya. Sai an duba ka ido da ido za a tabbatar, amma bari in maka bayanin yadda abin yake.

Jijiyar da nake nufi ba ta jini bace, irin wadda ke ɗauko saƙon zafi da sanyi da taɓi daga fata ta kai ma laka da ƙwaƙwalwa ce, kuma ranar da aka yanke ƙafar dole ita ma aka yanke ta. To jijiya akwai ta da naci, in an yanke ta bata haƙura, ƙananan zaruruwan da ke cikinta sai su fara tofowa suna neman tsohuwar hanyarsu, kusan milimita 1 a rana, wajen inci guda kenan a wata. Ka san yaɗon duma in ya samu danga sai ya bi ta abinsa, in bai samu ba sai ya nannaɗe a gindinsa ya cukurkuɗe, to haka zaruruwan nan suke yi a bakin dungu, ba inda za su, sai su dunƙule da naman tabo su zama ƙulli. Ƙullin nan shi kake shafawa. Shi ya sa ma bai tashi a satin da aka maka aiki ba sai da aka ɗau watanni, lokacin da ya ɗauka yana taruwa kenan. Kusan duk jijiyar da aka yanke tana yin wannan ƙullin, sai dai ba kowanne ke ciwo ba, wanda ya faɗa dab da fata ko bakin ƙashi ko daidai inda ƙafar roba ke dannawa shi ke hana mutum sakat. Kan jijiyar ya zama abu kaɗan ke tunzura shi, gogar tufa, sanyin hunturu, wani lokaci ba komai ma haka kawai sai ya harba. Ita kuma ƙwaƙwalwa tun haihuwarka ta san saƙon wannan jijiyar daga yatsu yake zuwa, saboda haka in ya iso sai ta ce maka yatsa ne ke ciwo alhali yatsan baya nan. Ba kai kaɗai bane, tun bayan yaƙin basasar Amurka wani likita Silas Weir Mitchell ya yi rubutu a kan sojojin da ke jin gaɓoɓin da aka yanke musu, a 1871.

Gano shi baya buƙatar wata babbar na'ura. Likita zai sa ɗan yatsa ya ƙwanƙwasa wurin a hankali, in shokin ya tsarga ta hanyar jijiyar to alama ta fito, wannan gwajin sunan wani likitan Faransa Jules Tinel yake ɗauke da shi, shi ya bayyana shi a 1915 a kan sojojin yaƙin duniya na farko, kuma har gobe da shi ake aiki. Na biyu shi ne wanda na fi so ka nema, a yi maka allurar kashe zafi irin lidocaine a gefen jijiyar. In ciwon ya ɗauke ɗif na awa ɗaya ko biyu har ka iya matsa wurin, an kama ɓarawo, kuma alama ce mai kyau cewa tiyata zata iya maka amfani. In bai ɗauke ba sai a nemi wani dalilin, don dungu na ciwo saboda tsinin ƙashi da ya tsiro, ko ƙwayar cuta da ta ɓuya cikin ƙashi, ko ƙarancin jini, hoton ƙashi da sikanin za su nuna.

Maganar tsaga kuwa dan Allah ka tsaya haka nan. Ba raina sana'ar wanzamai nake ba, amma a wannan ciwon kowace aska da ta shiga wurin sabon tabo take ƙarawa, tana kuma iya yanke wasu ƙananan jijiyoyin fata su ma su yi nasu ƙullin, ga haɗarin ruɓa a dungun da da ƙyar aka samu ya warke. Haka sakiya, haka ƙaho.

Ba tiyata ake fara yi ba. Ka ɗauki ƙafar robar nan ka koma wajen waɗanda suka ƙera ta, ka sa musu alama da biro daidai inda ƙullutun yake, sau da yawa in an ɗan rarake ƙoƙon da dungun ke shiga a wurin ya daina dannawa ana samun sauƙi mai yawa, balle dungu yana ramewa a shekarar farko, ƙoƙon da ya yi daidai bara ba lallai ya yi daidai bana ba. Masu gashin ƙashi kuma za su koya maka yadda ake saba ma wurin da taɓi. Sai magani. Parasitamol da diclofenac basu cika taɓa ciwon jijiya ba, kuma diclofenac ɗin in an daɗe ana sha yana cin ciki yana taɓa ƙoda, musamman a zafin Sakkwato da mutum ke yini jikinsa ba ruwa. Waɗanda ake badawa su ne irin amitriptyline da gabapentin da pregabalin da duloxetine, ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa, suna ɗaukan makonni kafin a ga aikinsu, suna sa barci da jiri, amitriptyline na busar da baki. Likita ne zai rubuta, kar ka je kemis ka ce a baka, don shi kansa pregabalin ɗin yana kama mutum. Tiramol kuma na ji daɗi da ka faɗa da bakinka baka son shi. Kar ka yanke shi rana ɗaya, jiki zai yi bore, ka gaya ma likita gaskiyar nawa kake sha a rana ba ragi, a tsara maka yadda zaka riƙa ragewa. Yawan shansa na jawo farfaɗiya.

In kana jin yatsun da babu su suna murɗewa ko ƙuna ko ba a taɓa dungun ba, akwai dabarar madubi. Ka zauna a tabarma ka miƙe ƙafafu, ka tsaida dogon madubi a tsakaninsu yana fuskantar mai lafiyar, dungun na ɓoye a bayansa, sai ka riƙa motsa yatsu da idon sawu kana kallon madubin har ido ya ga tamkar ƙafa biyu ke motsi. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a asibitin sojoji na Walter Reed a Amurka aka wallafa a 2007, minti 15 kullum na sati 4, duk waɗanda suka yi da madubin sun ce ciwon ya ragu. Mutum 22 kacal aka fara gwajin da su, saboda haka ban ce tabbas bane, amma ba kuɗi ba illa, me zai hana.

To in duk wannan bai yi ba sai tiyata, kuma nan ne bincike ya fi motsawa a shekaru ashirin ɗin nan. Tsohuwar hanya ita ce a buɗe a yanke ƙullin a cusa kan jijiyar can cikin tsoka ko cikin ƙashi inda ba abin da zai taɓa shi. Tana aiki ga mutane da yawa, matsalarta jijiyar bata daina tofo ba, wani sai ƙullin ya dawo. A 2018 wasu masu bincike a Amurka suka tattara nazarce-nazarce 54 na tiyatar niyuroma, suka ga wajen kashi 77 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun samu sauƙi na a zo a gani, amma ba wata hanya da ta fito fili ta fi sauran. Ka lura, kusan mutum 1 cikin 4 kenan bai samu yadda yake so ba, gara ka sani tun yanzu.

Sabon tunanin shi ne maimakon a ɓoye kan jijiyar, a bata wurin zuwa da aikin yi. Abin ma tsintuwa aka yi. A 2002 a Chicago, likitoci biyu Todd Kuiken da Gregory Dumanian suka yi wa wani ma'aikacin lantarki Jesse Sullivan aiki, wanda wuta ta cinye masa hannu biyu, suka ɗauko jijiyoyin hannun da aka yanke suka jona su da na tsokar ƙirjinsa don ya iya sarrafa hannun ƙarfe da tunaninsa. Da aka yi ta yi wa wasu sai aka lura ai masu ciwon ƙulli ma ciwon na ɓacewa. Wannan ita ake kira TMR, a yanke ƙullin, a ɗinke kan jijiyar da wata 'yar ƙaramar jijiya mai shiga tsoka a nan kusa, zaruruwan su bi ta su shige tsokar su zauna. A 2019 aka wallafa gwajin da aka raba mutum 28 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu TMR wasu tsohuwar hanya, bayan shekara 'yan TMR sun fi samun sauƙin zogin gaɓar da babu ita, a ciwon dungun kansa kuwa akwai alamar rinjaye amma bai kai a bugi ƙirji ba. Ɗayar hanyar RPNI, daga jami'ar Michigan ƙarƙashin Paul Cederna, ita kuma ɗan yankin tsoka ake yankowa a naɗe kan jijiyar da shi a ɗinke, tsokar ta kama jini ta rayu, zaruruwan su shige cikinta. Ni a ganina wannan ta biyun ta fi dacewa da irin asibitocinmu don bata neman kayan aiki masu tsada, hannun da ya ƙware take nema. Amma gaskiya ɗaya ce, gwaje-gwajen duka ƙanana ne, mutum 28 ba yawa bane, duk wanda ya ce maka ga aikin da ba ya kuskure to ka yi hattara da shi.

Ka nemi takardar turawa zuwa wajen likitocin ƙashi ko na tiyatar gyaran jiki a asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo, ko asibitin ƙashi na Wamakko, in ta kama har Dala a Kano. Ka je da ƙafar robar da kwalayen duk abin da kake sha, ka tambaye su wace hanya suke bi da kan jijiyar bayan sun yanke ƙullin. Haƙƙinka ne ka tambaya. Kuma a'a, ba haka zaka ƙare ba in sha Allahu.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni malamar makaranta ce shekaruna 46, tafin ƙafata ta dama daga gaba wajen gindin yatsu ke min zafi kaman na taka tsakuwa, in na cire takalmi in duba ba komai, yatsu biyu na kusa da ƙaramin su riƙa ƙuna suna mutuwa. In na sa sau-ciki ko na biki abin ya fi tashi, sai na zauna na cire na murza wurin nake samun sa'ida. An gwada ni ba suga. Wata ƙawata ta ce allura anka yi mata ta warke, ni kuma ina tsoron allura a ƙafa. Mene ne shawara?
Daga wata malama, Runjin Sambo

AMSA: Malama barka kadai. Bayaninki ya yi kama sosai da abin da ake kira niyuromar Morton, sunan wani likitan Philadelphia ne Thomas Morton da ya yi rubutu a kanta a 1876. Ta bambanta da ta ɗan'uwanmu na sama don ke ba a yanke miki komai ba, jijiyar da ke ratsawa tsakanin ƙasusuwan tafin ƙafa ce take shan matsa har ta yi kauri, galibi tsakanin yatsa na 3 da na 4, daidai inda kika nuna. Ta fi kama mata masu shekaru irin naki, kuma takalmi mai matse baki ko ƙwas-ƙwas da ke tura nauyin jiki gaba yana da hannu dumu-dumu, ga ki kuma da tsayuwa gaban allo tun safe. Kin kyauta da kika gwada suga, nashi ciwon yawanci ƙafa biyu yake kamawa tare, ba lungu ɗaya ba. A asibiti likita zai matse tafin daga gefe da gefe ya danna tsakanin yatsun, wani lokaci har a ji ɗan ƙas, sikanin kuma na nuna kaurin.

Ki fara da takalmi, kuma da gaske nake, ba sati ɗaya ba, ki bashi wata biyu zuwa uku. Mai faɗin baki wanda yatsu za su baje, mara tudu, mai ɗan kaurin ƙasa, silifas ɗin da ya suɗe shi ma ba taimako yake ba. Akwai ɗan matashi da ake mannawa cikin takalmi, wurin sa shi ne mutane ke kuskure, ba ƙarƙashin inda ke ciwo ake sawa ba, ɗan bayansa kaɗan ta wajen tsakiyar tafi, don ya ɗaga ya buɗa ƙasusuwan jijiyar ta samu sarari.

Allurar ƙawarki mai yiwuwa sitiroyid ce haɗe da ta kashe zafi. An gwada ta a Edinburgh a kan mutum 131 aka wallafa a 2013, waɗanda aka yi wa sitiroyid ɗin sun fi waɗanda ba a yi wa shi ba samun sauƙi har wata 3. Wato tana aiki, amma ga wasu ciwon na dawowa, kuma ba a son maimaita ta barkatai don tana narkar da kitsen da ke kare tafin ƙafa, a fatarmu baƙa kuma tana iya barin farin tabo. Akwai allurar sinadarin alkohol da aka yi ta yabo a farko, da aka bi mutanen shekara 5 a Ingila sai aka tarar ƙasa da kashi ɗaya bisa uku ne suka zauna ba ciwo, ni bana gaggawar tura kowa gare ta. In komai ya ƙi sai a cire wannan yankin jijiyar, yawanci ana dacewa, sai dai tsakanin yatsun biyu zai mutu har abada, kuma tunda yanzu an yanke jijiya, kan da ya rage na iya yin irin ƙullin da na yi bayani a sama. Shi ya sa nake cewa a bar wuƙa a ƙarshe. Zafin allurar kuwa na daƙiƙu ne Malama, kar ya hana ki in an kai nan.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, babana mahauci ne, bara wuƙa ta yanke shi a gefen manunin hannun dama anka ɗunke a kemis. Yanzu wani ɗan ƙurji mai tauri ya hito bakin tabon, ko ruwan alwala ya taɓa sai ya zabura, gaban yatsan kuma baya ji. Ya bar zuwa mahauta. Muna tsoron ko ciwon daji ne, ko a yanke yatsan ya huta?
Daga ɗiyarsa, Gidan Igwai

AMSA: Ƙanwata Allah ya yi miki albarka da kula da Baba. Ƙullin kan jijiya ba ciwon daji bane, baya yaɗuwa, baya rikiɗa ya zama daji. Abin da za a sa wa ido shi ne ƙullutun da ke girma da sauri, ko ya fashe, ko ya zama suna da yawa a jiki tare da tabbai masu ruwan ƙasa, wannan wata magana ce daban a kai shi a duba ba jira.

Kar a yanke yatsan. Yankewar bata kashe ciwon, sama kawai take matsar da shi, sabon kan jijiyar na iya yin nashi ƙullin ga kuma asarar manuni ga mai riƙe wuƙa. Da alama wuƙar ta raba jijiyar gefen yatsan biyu aka ɗinke fata aka bar ta a ciki, shi ya sa gaban ya mutu bakin tabon ke shokin. Ta wani ɓangaren Baba ya fi mai dungu sa'a, don shi ɗayan kan jijiyar na nan, likitan tiyatar hannu zai iya yanke ƙullin ya sake haɗa su, in tazara ta yi yawa a ɗebo 'yar jijiya daga wani wuri kamar bayan ƙwauri a yi gada da ita. Da a kwanakin farko aka haɗa da ya fi kyau, kuma kowane wata da ya wuce yana rage kyan sakamakon, saboda haka kar ku ƙara jinkiri. Sauran mahauta da masu faskare da mata masu yankan kubewa su ma su riƙe wannan, duk yankan da ya bar gaban yatsa baya ji to ba na kemis bane.

Kafin ranar ganin likita ga abin da zai riƙa yi a gida tunda ciwon ya rufe. Ya fara shafa wurin da auduga na minti uku zuwa biyar, sau huɗu ko biyar a rana, in ya saba ya koma ƙyalle mai laushi, sannan tawul. Daga nan ki zuba masa gero a kwano ya riƙa nutsa yatsan yana juyawa, in ya jure gero a koma shinkafa, sannan wake. Zai ji ba daɗi da farko, amma in zafin ya wuce misali ya koma matakin baya. Ruwan alwala kuma ki ɗan ɗumama masa, musamman na asuba.